Milimita Biyu: Yadda Ake Fahimtar Hoton Ƙarin Jijiyar Kunne

Cikin maganganun da likita kan gaya wa majiyyaci, kaɗan ne suka kai wannan wuyar haɗiya: "Malam, ƙari ne a cikin kanka, kusa da ƙwaƙwalwa. Ba daji ba ne, kuma ba za mu taɓa shi yanzu ba. Ka koma gida, bayan wata shida ka dawo a sake hoto." Mutumin da ya taso daga Giyawa ko Rabah ko Wurno, ya sayar da amfanin fadamarsa ya biya kuɗin hoto a Sakkwato, in ya ji haka yakan ɗauki ɗayan biyu. Ko dai ya ce abin ya fi ƙarfin likita, lallashinsa kawai ake yi, ko kuma ya ce ashe ba komai, ba sai ya dawo ba. Duka biyun kuskure ne, amma na biyun ya fi ɓarna, domin wannan jira da likita ya ce a yi magani ne da ke da sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne hoton da za a sake.

Ƙarin da muke magana a kai likitoci na kiransa akustik niyuroma ko bestibula shiwanoma. Daga kowane kunne akwai jijiya da ke ratsa wani siririn rami a ƙashin kai, tsawonsa kamar santimita 1, ta shiga gindin ƙwaƙwalwa. Ita ce ta takwas a jerin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, aikinta biyu: kai sauti, da kai labarin daidaiton jiki don kada mutum ya riƙa tangaɗi. Ƙarin yana tsirowa ne daga ƙwayoyin da ke lulluɓe reshen daidaiton. Ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta, ba ya cin naman da ke kusa da shi. Illarsa matsi ce. A cikin ramin nan guda jijiyar motsin fuska take bi, a gaba kaɗan akwai jijiyar da ke sa fuska ta ji taɓi, bayanta kuma sai gindin ƙwaƙwalwa da ke riƙe da numfashi da bugun zuciya. A kusan kashi 95 cikin 100 na masu shi kunne ɗaya yake kamawa. Wanda aka gan shi a kunnuwansa biyu, musamman matashi, lamarinsa daban ne, yawanci larura ce ta gado, kuma bin diddiginsa ya fi tsanani.

Kafin mu yi nisa, kada wani mai ƙarancin ji ya karanta wannan hankalinsa ya tashi. A yankinmu abin da ke kashe kunne yawanci ba wannan ba ne. Akwai ciwon kunne mai zubar da ruwa tun yarinta, akwai sanƙarau da hangum, akwai wasu allurai irin su jentamaisin da ake yi barkatai a kemis, akwai ƙarar injin niƙa da injin ban ruwa. Wannan ƙari ba kasafai ake samunsa ba. Abin da ke sa likita ya yi zarginsa shi ne ji ya riƙa raguwa a kunne ɗaya kawai ba tare da ciwo ko ruwa ba, kunnen yana ƙugi dare da rana, mutum ya lura kullum sai ya mayar da waya ɗaya kunnen, wani lokaci da ɗan jiri.

Me ya sa za a ga ƙari a bar shi? Amsar ta fito ne daga ƙasar Denmak. Tun 1976 suke rubuta duk wanda aka samu da wannan ƙari a ƙasar a kundi guda, suna bin sa shekara da shekaru. A 2006 Sven-Eric Stangerup da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon mutum 552 da aka yi ta sake wa hoto ba a yi musu aiki ba. Cikin waɗanda ƙarinsu ke ƙunshe a cikin ramin, kashi 17 cikin 100 ne kawai ya girma ya leƙo waje. Cikin waɗanda ya riga ya leƙo, kimanin kashi 29 ne ya ƙaru. Sauran, wato mafi rinjaye, nasu yana nan inda aka same shi. Sun kuma lura cewa wanda zai girma yakan nuna halinsa a shekaru biyar na farko. Kundin nan ya nuna wani abu kuma: a 1976 mutum 3 cikin miliyan ake ganowa a shekara, da ƙari mai faɗin milimita 26 a matsakaici, zuwa 2015 kuwa an kai mutum 34 cikin miliyan, faɗin ya sauko zuwa milimita 7. Na'urar hoto ta MRI ce ta wadata, aka fara ganin ƙananan da a da mutum zai rayu da su har ya koma ga Mahaliccinsa ba wanda ya sani.

A ɗaya gefen kuma, fiɗar wannan wuri ba wasa ba ce. Tana iya ƙarasa jin da ya rage a kunnen, tana iya taɓa jijiyar fuska baki ya karkace ido ya ƙi rufuwa. Saboda haka ga ƙaramin ƙari da bai matse komai ba, sau da yawa wuƙa ta fi shi ɓarna. A 2023 likitocin Bergen a ƙasar Nowe suka buga wani gwaji na mutum 100, rabi aka gasa musu ƙarin da haske na musamman tun farko, rabi aka bi su da hoto. Bayan shekara 4 ƙarin waɗanda aka gasa ya fi ƙanƙancewa, amma ta fuskar ji da sauran alamu ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba, kuma fiye da rabin waɗanda aka jira ba su buƙaci a yi musu komai ba a tsawon lokacin.

To, an dawo bayan wata shida, an shiga na'ura an fito, an miƙo takarda da Turancin likitoci. Me ke cikinta?

Abu na farko da likitan hoto ke rubutawa shi ne inda ƙarin yake: yana cikin ramin ne gaba ɗaya, ko ya fito fili tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa. Da yawa suna amfani da matakai huɗu na Wolfgang Koos, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Ostiriya. Mataki na 1, yana cikin rami. Na 2, ya leƙo amma bai kai gindin ƙwaƙwalwa ba. Na 3, ya taɓa shi bai ture shi ba. Na 4, ya ture shi gefe. Jira da hoto na masu mataki na 1 da na 2 ne, wani lokaci da na 3. Mai mataki na 4 ba maganar jira a kansa.

Sai kuma lambobi, kuma a nan ne zuciya ke tsinkewa. Za a ga an rubuta misali 12 x 9 x 8, wato tsawo da faɗi da tsayi a milimita. Wani asibitin santimita yake rubutawa, 1.2 maimakon 12, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana iyali barci in ba a yi musu bayani ba. Mutum ya duba tsohuwar takarda ya ga 11, sabuwa ta ce 12, sai ya ce shi ke nan yana girma. Ba lallai ba ne. Na'urar tana yanka hoton kai ne fai-fai, kamar yadda mace ke yanka albasa. In wuƙa ta bi ta tsakiyar albasa zoben zai fito da faɗi, in ta ɗan gota sama ko ƙasa zai fito ƙarami, alhali albasar ita ce dai. Yadda mutum ya kwantar da kansa a cikin na'ura, kaurin kowane yanka, ƙarfin na'urar, da hannun wanda ya ja layin awo a kwamfuta, kowanne na iya kawo bambancin milimita ɗaya ko fiye. Likitoci biyu ƙwararru kan auna hoto guda su saɓa da haka. Shi ya sa aka yi ittifaƙi, tun taron masana da aka yi a Tokiyo a 2001 kan yadda za a riƙa ba da rahoton wannan ƙari, a daidaita hanyar awo, kuma a aikace ba a cewa ya girma sai ƙaruwar ta kai kimanin milimita 2. Abin da bai kai haka ba ana rubuta cewa bai canza ba, kuma gaskiya aka rubuta.

Akwai wani ruɗanin da ya fi wannan. Wani likitan hoto yana auna ƙarin duka, har da jelar da ke cikin rami. Wani kuma ɓangaren da ya fito waje kawai yake aunawa, kamar yadda taron Tokiyo ya ba da shawara. Tunda ramin ya kai santimita 1, ƙari guda zai iya zama milimita 10 a takardar Sakkwato ya zama 18 a takardar Kano ba tare da ya motsa ba. Haka kuma zai iya zuwa a juye, wanda ya girma ya fito kamar ya ragu, mutum ya yi ta murna a kan kuskure. A ganina wannan shi ne babban tarkon da ke gaban majiyyacin Arewa, domin mu ba kasafai muke samun yin hoto biyu a na'ura ɗaya ba. Bana an yi a asibitin koyarwa, baɗi na'ura na jiran gyara an tafi wata cibiya mai zaman kanta, shekara ta uku ɗan'uwa ya ce a zo Kano ko Abuja. Takardu uku daga hannu uku ba sa kwatantuwa. Abin da ke kwatantuwa hotunan kansu ne, likita ɗaya ya buɗe tsoho da sabo gefe da gefe ya auna da hannunsa. Saboda haka faifan da ake ba mutum bayan hoto ya fi takardar rahoton daraja. Wanda ba a ba shi ba ya roƙa, ko da zai biya wani abu, ya adana shi inda zafi da ƙura ba za su lalata shi ba, in da hali wani yaro mai ilimin kwamfuta ya kwafe masa a wuri na biyu. Hoton da aka ɗauka da waya daga jikin fim ba ya aunuwa.

Kada kuma kalmar "bai canza ba" ta sa a saki jiki gaba ɗaya. A ce ƙari na ƙaruwa da milimita 1 kowace shekara. In kullum da hoton bara ake gwada na bana, kowace shekara za a ce bai canza ba, alhali a shekara huɗu ya ƙara milimita 4. Tambayar da ya kamata majiyyaci ko ɗansa ya yi ita ce: "Likita, in aka gwada da hoton farko fa?" Likitan kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Wasu cibiyoyin yanzu girman jikin ƙarin gaba ɗaya suke lissafawa, ba faɗinsa kawai ba, kuma lambar da ke fitowa takan firgita mutum. Lissafi ne kawai: abu mai siffar ƙwallo in faɗinsa ya tashi daga milimita 10 zuwa 12, jikinsa ya ƙaru da kimanin kashi 73 cikin 100. Daga 20 zuwa 22 kuwa kashi 33 ne. A wannan hanyar ana ɗaukar ƙaruwar kashi 20 a matsayin girma, kuma masu auna haka sun gano cewa ƙarin da ke motsi a hankali sun fi yadda alƙaluman Denmak na farko suka nuna yawa. An kuma ga waɗanda suka yi shiru shekara biyar sannan suka motsa. Wannan ne dalilin da ya sa ba a sallamar mutum kwata-kwata, sai dai a tsawaita tazara: hoto na biyu bayan wata 6 zuwa shekara, sannan duk shekara har wajen shekara biyar, daga nan duk shekara biyu ko fiye, gwargwadon shekarun mutum da ganin likitansa.

Girma ma iri-iri ne. Milimita 3 a shekara huɗu daban, milimita 3 a wata shida daban. A matsakaici ƙarin milimita 1 zuwa 2 yake yi a shekara, wanda ya wuce 2.5 a shekara ana ɗaukarsa mai sauri, kuma ya fi saurin tafiya da ji. In rahoto ya ce akwai jakar ruwa a cikin ƙarin, a ƙara sa ido, domin irin wannan yakan kumbura ba zato. In ya ambaci matsa gindin ƙwaƙwalwa, ko kumburin ƙwaƙwalwar da ke kewaye, ko taruwar ruwa a cikin kai, to ranar da aka karɓi takardar ya kamata a ga likitan tiyata, ba a jira ranar da aka rubuta a kati ba. Akwai kuma 'yan kaɗan da nasu ke raguwa da kansa.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne a ce hoto bai canza ba alhali kunne na ƙara mutuwa. Dattijo zai ce, "Likita, ka ce yana nan yadda yake, ni kuwa bara ina jin kiran salla da kunnen nan, bana ba na ji." Duka su biyun gaskiya suka faɗa. Ji na iya raguwa ko ƙari bai girma ba, saboda ya daɗe yana danne jijiya da ƙananan hanyoyin jini a cikin matsattsen rami, kuma yana sauya ruwan da ke cikin kunnen ciki. Don haka hoto rabin labari ne, ɗaya rabin gwajin ji ne, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na MRI ba. Gwajin na auna abu biyu: ƙarfin sautin da mutum ke iya ji a ma'aunin desibel, da yawan kalmomin da yake iya bambancewa. Na biyun ya fi muhimmanci, domin mai wannan ƙari yakan ji ana magana amma bai san me aka ce ba. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kunnen da ke ji a ƙasa da desibel 50 kuma yana gane fiye da rabin kalmomi kunne ne mai amfani, kuma wannan na shiga cikin shawarar ko a yi aiki ko a bari. In kuma ji ya ɗauke farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a je asibiti a makon nan, akwai maganin da kan taimaka in an fara da wuri. Ɗiga mai ko ruwan ganye a kunne ba ya kai wa inda matsalar take.

Game da allurar da ake yi kafin hoto, sinadarin gadoliniyam ne, yana sa ƙarin ya haska. A hoton farko ana buƙatarta don a tabbatar da abin da ake gani. A hotunan bibiya kuwa cibiyoyi da yawa sun koma yin wani siririn yanka ba tare da allura ba, kuma yana wadatarwa wajen awo. Ya dace a tambaya, don yana rage kuɗi. Mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su faɗa kafin a yi musu. MRI maganaɗisu ne, ba ya ƙona jiki komai yawan maimaitawa, amma duk mai ƙarfe a jiki, ko ɓarɓashin harsashi, ko na'urar bugun zuciya, ko maƙeri da mai walda da ƙarfe ya taɓa faɗa wa ido, dole ya sanar tun a bakin ƙofa. Hoton siti sikan, wanda ya fi sauƙin samu, yana iya tsallake ƙaramin ƙari, bai kamata a gwada awonsa da na MRI ba.

Wanda aka riga aka gasa wa nasa da haske, hanyar da Lars Leksell ya fara gwadawa a kan wannan ƙari a Suwidin a 1969, karatun hotonsa daban ne. Ƙarin kan ɗan kumbura tsakanin wata 6 zuwa 18 bayan gashin, tsakiyarsa ta yi duhu a hoto, daga baya ya lafa. Ba a gaggawar cewa gashi bai yi ba. Manufarsa ma tsayar da girma ce, ba ɓatar da ƙarin ba, kuma a ƙanana da matsakaita yana yin hakan a fiye da kashi 90 cikin 100.

Yanzu mu dawo gida. Tsarin jira da hoto an gina shi ne a ƙasashen da asibiti ke aiko wa mutum takardar tuni, na'ura na kusa, kuma ba daga aljihunsa zai biya ba. Mutumin Giyawa ba haka yake ba. Babban asibitin ƙaramar hukuma ba shi da MRI, sai an shigo Sakkwato. Alhamdu lillahi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya yi ɗawainiyar kafawa, da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, abin da jihohi da yawa ba su da shi. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna da aka kafa a 1999. Amma tsakanin majiyyaci da waɗannan wurare akwai kuɗin mota, da kuɗin hoto, da kwanan birni, da damina da ba a barin gona, da rashin tsaron da ya addabi gabashin Sakkwato shekarun nan har mutum kan auna tafiya kafin ya yi ta. Gashin haske na musamman kuwa, masu hali Masar ko Indiya suka fi nufa. Ga shi kuma da yawa daga cikin masu zuwa asibitocinmu ba sa isowa sai ƙarin ya yi girma, tafiya ta gagara, gani ya fara dushewa, lokacin da maganar jira ta riga ta wuce.

Hukuncina a nan shi ne, nisa da talauci da halin hanya su ma bayanan likitanci ne, dole a ɗora su a kan tebur tare da milimita. Dattijo ɗan shekara 70 mai ƙarin milimita 6 a cikin rami, jira ya fi masa alheri ta kowace fuska, ko da tazarar hotonsa ta ɗan yi tsawo. Amma magidanci ɗan shekara 35 mai ƙarin da ya kusa santimita 2, wanda ya san a ransa ba zai iya dawowa duk shekara ba, ya faɗa wa likita haka ƙarara tun ranar farko. Wataƙila shawarar ta sauya. Kunya ce ke sa mutanenmu su ce "to, likita, in sha Allahu" alhali sun san babu kuɗin, su ɓace shekara biyar, su dawo a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Likitoci ma da nasu: bai wadatar a rubuta "a sake hoto" a kati ba, a gaya wa mutum da Hausa abin da ake nema a hoton, a rubuta masa awon a takarda guda da kwanan wata, a faɗi ko da jelar aka auna ko ba da ita ba.

Tsakanin hoto da hoto, akwai alamun da ba a jira da su: ciwon kai mai tsanani da amai musamman da asuba, gani biyu-biyu ko dushewar gani, tangaɗin da ke ƙaruwa har ana faɗuwa, dindiris ko mutuwar gefen fuska, karkacewar baki, sarƙewa wajen haɗiya, yawan barci ko ruɗewa. Ko jiya aka yi hoto, wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan a kama hanyar Sakkwato da shi.

Ga 'yan'uwan mai wannan larura, musamman 'ya'yan da suka yi karatu: ku ɗauki nauyin ranar. Ku sa ta a waya, ku daidaita ta da bayan girbi ko bayan an kwashe albasa lokacin da kuɗi ke hannu, ku fara tara kuɗin hoton tun wata uku kafin ta zo. Ranar tafiya ku haɗa faifan farko, da na baya, da takardun gwajin ji duka a jaka ɗaya, kuma kada ku baro ofishin likita sai ya gaya muku milimita nawa ne a hoton farko, nawa ne yau, da ranar da za ku dawo.